Fuskar Ishaku a Azumin Damina

Bana damina ta makara. Mako uku ke nan hadari yana haɗuwa ta gabas, ya yi baƙi ƙirin har mata su kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a wayi gari da zafin da ya fi na jiya. Shekaranjiya da la'asar ina zaune a ƙofar gidana a Dawaki, iska ta kawo mini ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani wurin da aka samu yayyafi, mu kuwa ko ɗigo. Nan take na tuna wata damina da ta yi mana irin wannan rowar, shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce, wadda azumi ya faɗo a cikinta.

A lokacin ina da shago a unguwar Bagadaza a nan Gombe, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, ina gyaran rediyo da rikoda da talabijin. Ni mutumin Bajoga ne, ba ni da dangi a cikin gari. A Jos na koyi aikin, shekara shida a hannun wani mutumin kudu, na kuma shigo Gombe a kan gaɓa, don kuɗin mai sun kwararo, alhazai suna dawowa da talabijin mai kala, wasu har da bidiyo. Tashar talabijin tana nesa da mu, sai an kafa eriya a kan dogon ƙarfe ya wuce tsayin darbejiya kafin a ga komai. A duk garin mu biyu na sani masu ƙarfin halin kwance bayan talabijin mai kala, ɗayan ma ya koma Bauchi a farkon shekarar.

Matata Hajara tana Dukku. Ta tafi gidansu goyon ciki, haihuwar fari, aka haifi yaron da rai, ya kwana biyu ya koma. Na je, aka yi mini gaisuwa, na yi musu. Mutanenta Fulani ne, ba a buɗe baki a kan ɗan fari ko yana raye, balle ya rasu. Ta fito ta gaishe ni kanta a ƙasa, ta koma ɗaki. Aka yi arba'in ba ta dawo ba, aka yi wata biyu, aka yi uku. Ba wanda ya ce an yi faɗa, ba wanda ya ce ga ranar dawowa. Ni ma ban tambaya ba.

Haka azumi ya same ni ni kaɗai a ɗakin haya da ke bayan shagon. Da sahur in kunna risho in dafa shayi, in tura da burodin jiya, wani lokaci da sauran tuwon da ya fara tsami. Famfon unguwar ya daɗe da ƙafewa, sai ka tare 'yan garuwa tun da sassafe, in ka yi nawa sai gobe. Garwa biyu nake samu, ɗaya ta sha da alwala, ɗaya ta wanka da wanki. Kafin hantsi kwanon shagon ya ɗauki wuta. Kafin azahar harshe ya zama kamar tsumma a baki, ba ka son kowa ya yi maka tambayar da sai ka amsa da dogon zance. Manoma sun yi shuka sau biyu, rana ta ƙone ta sau biyu. Hatsi ya hau a kasuwa, masu ƙosai suka rage girmansa. An fita roƙon ruwa, na bi sahu, muka dawo da ƙura a goshi da gumi har cikin takalmi.

Da magariba mai gidan da nake haya, wata tsohuwa da muke kira Dada, takan ajiye mini kunun tsamiya a kofin silba a bakin ƙofa. Ba ta tsayawa hira. In sha, in wanke kofin, in mayar. Ta katanga nakan ji ƙarar cokula da faɗan yara a kan kwanon abinci a gidan maƙwabta. Ni ba abin da ke motsi a ɗakina sai fanka, in akwai wuta.

Ran shida ga azumi, da hantsi, aka tsaya da amalanke a ƙofar shago. A kanta akwai talabijin da bidiyo, an lulluɓe su da zanen gado. Wanda ya biyo amalanken dattijo ne dogo, siriri, da farar riga mai gajeren hannu da biro a aljihu. Ya yi sallama, ya ce sunansa Malam Yohanna, tsohon malamin firamare ne, mutumin Billiri, yana zaune a Arawa.

Na ce, "Baba, me ya same su?"

Ya ce, "Su ƙalau suke, ina jin. Abin da ke ciki ne ba ya fita."

Ya buɗe jakarsa ya fito da kaset na bidiyo a naɗe cikin ɗankwali. Bai miƙo mini nan da nan ba, sai da ya gaya mini labarin. Ɗansu Ishaku yana aiki a Legas, shi ya aiko musu da talabijin da bidiyon. Bara ya yi aure a can. Su ba su samu zuwa ba, don uwar ba ta da lafiya. Aka ɗauki bikin a bidiyo. Da Kirsimeti ya taso zai kawo musu amaryar, motar ta kife a hanya. Shi ya rasu, amaryar ta tsira, ta koma wurin iyayenta. Wata biyu da suka wuce wani abokinsa ya kawo musu wannan kaset.

"Uwarsa, Saratu, yanar ido ce ke rufe mata gani," in ji shi. "Likita ya ce ɗayan ya riga ya tafi, ɗayan yana bin sa. Mun sa kaset ɗin ya fi sau goma. Muryarsa tana ji. Fuskar ce ba ta iya kamawa, ta ce kamar an zuba masa kiyashi."

Akwai wuta a ranar, sai na haɗa na kunna. Ga falon biki, ga mutane a kan kujeru, ga ango a tsakiya da babbar riga. Amma ko'ina a hoton ɗige-ɗige ne ja da kore da shuɗi suna ta rarrafe, musamman a fuska da duk inda akwai inuwa. Jan launi yana zuba daga gefen riga kamar rini a ruwa. Hular angon ba ka iya cewa ga launinta. Mai lafiyar ido ma sai ya ƙanƙance kafin ya gane hanci daga kunci.

Na san ciwon. Hoton talabijin saƙo biyu ne suke tafiya tare: na haske da duhu, wanda shi ne mai ƙarfi, da na launi, wanda yake rarrauna, a goye yake. Duk sanda aka kwafi kaset daga wani kaset, na launin ne yake fara galabaita. Injin kuwa in ya ji launi ya yi rauni sai ya ƙara masa ƙarfi, ya ɗaga shi tare da duk dattin da ya kwaso a hanya. Wannan kaset ɗin, daga gani, jikan na asali ne ko ma tattaɓa-kunne.

Na murɗa maɓallin kala na kashe ta gaba ɗaya. Ɗige-ɗigen suka ɓace, hoton ya koma fari da baƙi, fuskar ta fito sosai.

Na ce, "Baba, ga shi. Haka za ta gan shi."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya girgiza kai. "Hotunansa marasa kala suna nan a bango tun na makaranta. Ta gaji da su. Ta ce suna kama da na mutanen da suka daɗe da mutuwa. So take ta gan shi da jininsa a jika, kamar yadda ya fita daga gida." Ya juyo gare ni. "Ƙarshen watan nan za mu koma Billiri, gidan da muke ciki na gwamnati ne, sun nemi abinsu. A can ba wuta a unguwarmu. In za a iya, ɗana, to yanzu ne."

Ban yi masa alkawari ba. Na ce ya bar su in gani.

Abu na farko da na lura da shi ya tayar mini da hankali. Kaset ɗin marar kyau ne, duk sanda ya zagaya sai ya bar baƙin gari a cikin injin. Wato kowane kallo yana cin wani abu daga jikinsa. Na mayar da shi cikin ɗankwalinsa na sa a akwati. Na nemo wani tsohon kaset na ƙwallo da wani ya bari a shagon, shi ma kwafi ne mai irin wannan datti, na mai da shi abin gwaji. Na Ishaku sai in na tabbata na ci gaba nake fito da shi, minti ɗaya, in mayar.

Na fara da abin da kowa zai fara da shi. Na wanke kan da ke karanta kaset da sifirit da farin ƙyalle. Na canza wayar da ke tsakanin bidiyo da talabijin, don tsohuwar ta tsage tana kwaso hayaniya. Na sauya wasu ƙananan kayan ciki uku da muke kira kwandansa, da suka kumbura saboda zafi. Kowanne ya rage kaɗan, irin kaɗan ɗin da sai wanda ya yi aikin ne zai gani. Wutar lantarki kuwa ba ta da lokaci. Wata rana ta zo da hantsi ta tafi kafin azahar, wata rana ba ta zo ba sam. In ta zo sai in bar komai, in sunkuya a bayan talabijin da ƙarfen liƙi a hannu, hayaƙin darma yana shiga busasshen maƙogwarona, gumi yana ɗiga daga haɓata, ina kare shi da hannu kada ya faɗa cikin kayan. Na jingina madubi a bango don in riƙa ganin fuskar talabijin ina bayanta. In wuta ta tafi sai in ɗauko littafin zanen wayoyi da na zo da shi daga Jos, in kwanta a kan tabarma in yi ta bin layi da yatsa har barci ya ɗauke ni.

Malam Yohanna yakan zo kullum bayan la'asar, a ƙafa tun daga Arawa. Ya zauna a kan benci, ya ɗora jakarsa a cinya. Ba ya tambayar ina aka kwana. Na lura akwai kwalbar ruwa a jakar, amma ban taɓa ganin ya buɗe ta ba.

Wata rana na ce, "Baba, ka sha ruwanka. Azumin nawa ne, ba naka ba."

Ya ce, "Shekara talatin ina koyar da 'ya'yan Musulmi. Ban taɓa sha a gabansu da azumi ba, ba zan fara a kanka ba."

Daga nan ba mu sake maganar ba. Mukan zauna, ni ina aiki, shi yana kallon titi, wani lokaci awa guda ba wanda ya ce uffan. In rana ta yi ja sai ya miƙe ya ce a sha ruwa lafiya. Ban san ina jiran zuwansa ba sai ranar Lahadi, da bai zo ba, na ga ina ta leƙa hanya.

Akwai wani abu da maigidana na Jos ya taɓa nuna mini. Hoton talabijin layi-layi ake zana shi, daga sama zuwa ƙasa. Launin gaskiya a wannan layin kusan ɗaya yake da na layin da ke samansa, don kuncin mutum ba ya canza launi a tsakanin layi biyu. Datti kuwa ba ya maimaita kansa, inda ya faɗo a nan daban, a can daban. To in aka riƙe layi ɗaya na ɗan lokaci aka haɗa shi da mai bi masa, launin zai ƙarfafa juna, dattin kuma ya riƙa kashe juna. A cikin talabijin akwai wani ɗan gilashi a rufe cikin roba, bai kai akwatin ashana biyu ba, wannan ne aikinsa. Na auna na Malam Yohanna na ga yana aiki rabi-rabi, layin da yake riƙewa yana fitowa a raunane. A hoto mai kyau ba za a lura ba. A wannan kaset ɗin shi ne bambanci. Sai dai ba a sayar da irinsa a Gombe.

Ana haka ruwa ya sauko, ran sha tara ga azumi, gab da azahar. Iska ta fara ɗaga kwanon rumfunan mutane, gari ya yi duhu, sannan aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka fito suna tsayawa a cikinsa. Yashin titinmu ya zama rafi, yana jan ledoji da takalman yara zuwa kwari. Dada ta jera duk wani baho da tukunya a ƙarƙashin indararo, na fita na taya ta, muka cika randuna har da tsohon duro. Rigata ta manne a jiki, sanyi ya ratsa ni, ƙishirwar ta kwanta ba tare da na haɗiyi komai ba. Rufin shagona ya yi yoyo a wuri biyu, na ja tebur na rufe kayan da leda.

Washegari gari ya yi luf, ko'ina danshi. Wuta ta zo da sassafe. Ina cikin jin daɗin sanyin, na yi abin da na sani sarai ba a yi. Ban bari injin ya bushe ba. Na ɗauko kaset ɗin Ishaku na sa, don in ga inda aikina ya kai. Ya ɗan tafi, sai na ji wata ƙara kamar ana murje takarda. Raɓa ta kwanta a kan ƙarfen da ke juyawa, zaren kaset ɗin ya manne a jikinsa ya naɗe. Kafin in zare waya ya riga ya tauna.

Na kwance injin na fito da shi a hankali da tsinke. Wajen tsawon hannu ya yamutse, wani wurin ya yage. Ba gyara. Na yanke, na haɗa bakin biyu na liƙe. Sai da na sake liƙin sau biyu. Na zauna ina kallon guntun da na yanke a kan tebur. Na yi tunanin in yi shiru, hoton zai ɗan yi tsalle ne kawai a wurin, kaset ɗin dama tsoho ne, wa zai ce ni ne. Na yi ta juya wannan tunanin har la'asar, da azumi a bakina.

Da ya zo, kafin ya zauna na miƙa masa guntun a tafin hannu na gaya masa yadda aka yi.

Ya ce, "Nawa ya tafi?"

"Bai kai rabin minti ba, Baba."

"Daga ina?"

"Bayan an yanka kek, inda ya juyo yana kallon mai ɗauka."

Ya zauna a kan bencin a hankali. Ya karɓi guntun, ya shafa shi da babban yatsa kamar zai miƙar da shi. Can ya ce, "A nan ne ya gaishe da uwarsa da yarenmu, Tangale. Duk sauran Turanci ne da Hausa."

Na ce ya yafe mini, in yana so ya kwashe kayansa, ba zan ga laifinsa ba. Ya ninke guntun ya sa a aljihun gaba, bayan biro. Muka zauna. Kwaɗi sun fara kuka a kududdufin da ruwa ya bari a bayan shago.

Sai ya ce, "Kullum na zo kai kaɗai nake gani. Ina iyalinka?"

Ban taɓa gaya wa kowa a garin ba, amma na gaya masa. Na gaya masa har da abin da ban gaya wa kaina ba, cewa ban ga fuskar yaron ba, an rufe shi kafin in isa, kuma ina jin tsoron in je Dukku in tarar Hajara ba ta son ganin tawa.

Ya ce, "Ka tambaye ta?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Ni da Saratu mun yi wata huɗu a ɗaki ɗaya ba mu ambaci sunan Ishaku ba. Ina tsammanin ina tausaya mata ne. Ita ma ashe haka take tsammani." Ya miƙe ya rataya jakarsa. "Ka ƙarasa aikin, ɗana. Ba ni da wani wurin kai shi."

Na tuna wani alhaji a Jekadafari da tsawa ta ƙone masa talabijin ta hanyar eriya, irin wannan ƙirar, ya jefar da ita a zaure. Na je na roƙa, ya ce in ɗauka in rage masa tarkace. Na ɗauko ta a ka cikin yayyafi. Komai na cikinta ya ƙone, amma ɗan gilashin yana nan lafiya. Na cire na dasa a ta Malam Yohanna. Daga nan kullum sai na kunna ƙwan lantarki a cikin bidiyon ya yi awa guda yana gasa shi kafin in sa ko kaset ɗin ƙwallo.

Daidaita gilashin ya ci kwana biyar. Akwai wasu 'yan sukurori biyu da ake juyawa da tsinken roba, sai layin da aka riƙe da wanda ke tafe sun zo daidai wa daida a ƙarfi da lokaci. Ka wuce da kaurin gashi, hoton ya yi zane-zane kamar tabarma. Goman ƙarshe ta shiga, jiki ya saba da yunwa amma ido ya gaji, da la'asar sai in ga ɗige-ɗigen ko a jikin bango. Bayan wannan na ɗan matse ƙofar da launi ke bi, don dattin da ya rage ƙanana ne masu sauri, launin fuska kuwa shimfiɗaɗɗe ne. Na rage ƙarfin kalar kaɗan. Kowane mataki yana da farashinsa: in ka matse da yawa dattin ya tafi, amma launin ya koɗe, ya malala ya bar gefen abin da yake kai. Na yi ta gaba da baya har na tsaya a inda na ga ba zan iya fin haka ba.

Ana saura kwana biyu Sallah na sa kaset ɗin Ishaku. Ɗige-ɗigen ba su ƙare ba, suna nan a cikin inuwa suna motsi a hankali. Amma sun sauka daga fuskar. Ga mutum baƙi mai haske, da wushirya, da ɗan tabo a gira. Hular kuwa koriya ce.

Washegari bayan azahar muka ɗora kayan a amalanke zuwa Arawa. Gidan duk an ɗaure kaya a kwalaye, bango ya rage ƙusoshi. Mama Saratu gajeriya ce mai jiki, ta fito tana lalube da hannu a jikin ƙofa. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Kai ne mai azumin da ake wahalarwa? Sannu, ɗana."

Na haɗa wayoyi, na rufe taga don hoton ya fito. Ta ƙi kujera. Ta durƙusa a gaban talabijin, ta kawo fuskarta har numfashinta yana taɓa gilashin, ta karkata kai ta ɓangaren idon da ya rage. Na kunna.

Ta ƙura wa hoton ido. Malam Yohanna yana tsaye a bayanta, hannunsa a aljihun gaba. Da mai ɗaukar ya matso kusa da angon, sai ta ɗaga yatsa ta ɗora a kan gilashin.

Ta ce, "Ya yi ƙiba." Can kuma ta ce, "Wa ya bar shi ya karkata hula haka a gaban surukai? Wannan ai wadda na saya masa ce."

Aka yanka kek. Ishaku ya juyo yana kallonmu, ya buɗe baki, sai hoton ya yi tsalle, ga mutane suna rawa. Na sunkuyar da kai. Na san maigidanta ya gaya mata, amma sani daban, gani daban.

Ba ta juyo ba. Ta yi magana da Tangale, jimla biyu ko uku, da wata irin murya mai sauri wadda ba tata ba, irin ta Ishaku. Sannan ta sauke murya ta amsa da tata. Ban ji ko kalma ɗaya ba, ban kuma tambaya ba. Malam Yohanna ya fita tsakar gida ya daɗe.

Da kaset ɗin ya ƙare na gaya mata gaskiya, cewa duk kallo yana rage shi, ta riƙa yi da tsari. Ta ce, "Sau nawa ya rage?" Na ce ban sani ba, wataƙila ashirin. Ta ce, "Ya fi abin da ya rage wa idon."

Ban sake ganinsu ba. Sun tafi Billiri a makon, ni kuma kwana uku bayan Sallah na rufe shago na hau motar Dukku. Hajara ba ta biyo ni a ranar ba, sai da aka yi girbi, amma mun yi magana a ƙarƙashin rumfar gidansu, ta gaya mini kamannin yaron. Yau jikokinmu suna ɗaukar hotona da waya, su nuna mini kafin in gyara zama, tsaf, ba ɗigo ko ɗaya. Shagon ya zama wurin cajin waya tun tuni.

A ranar dai, da zan fito daga gidan, Mama Saratu ta laluba ta kamo hannuna ta danƙa mini ƙullin takarda mai ɗumi. Na ƙi hawa mota, na taho a ƙafa. Yashi ya jiƙe ya yi daɗin taku, gero ya fara tsiro a filayen da ke tsakanin gidaje. Magariba ta riske ni ban kai rabin hanya ba. Na zauna a kan kwalbati na kwance ƙullin. Dafaffen rogo ne da ƙuli-ƙuli, har ta ɓare mini rogon ta cire jijiyar tsakiya. Na roƙi ruwa a wurin wani mai shayi, na yi bisimilla, na ci, motoci suna wucewa da fitilu a kunne.